Farantin Da Ke Kan Rufin Shagona

Zuwa ga ƙanena Dakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sa albarka a aikinka, ya raya mana yara. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa bakin ƙofa ba sanda, sai dai har yau ba ta yarda da maganin da ka aiko ba, wai ƙwayoyin sun cika ƙanƙanta. Babbar 'yata ta ci jarrabawarta. Na san za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna, wani mai tahowa wajenku gobe zan ba wa ya kawo maka. Kiran bidiyo ba ya shiga daga wurina yanzu, kuma maganar da ta sa na zauna rubutu ke nan.

Ka san ni, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Da na gama sakandare ban zauna jiran a nemo min aiki ba. Na koyi walda a bakin titi, ina kare idona da guntun baƙin gilashi. Injina na farko a wurin 'yan gwangwan na tsinto shi, na naɗa masa waya da kaina. Daga rumfar kwano na koma shago, na haɗa da na kusa, na ɗora bene. Rabin ƙofofin ƙarfen layinmu daga hannuna suka fito. Na gina gidan da Inna take ciki, na sa sola tun ana min dariya. Ba banki, ba ɗan siyasa, ba suruki mai hali. Maganar karatunka kuwa ba zan kawo ta ba, wannan tsakanina da Allah ne.

Ka kuma san yadda kasuwarmu take cikin kwari, mutum sai ya hau kan tankin ruwa kafin saƙonsa ya tafi. Ni ne na ga tallar intanet ta tauraron ɗan'adam na ce sai na kawo ta. Katina na banki ya ƙi biya a shafin kamfanin, shi ya sa na tura maka kuɗin ka saya ka aiko. Iyakar abin da ka yi ke nan, kuma na gode maka a lokacin. Sai kwalin ya iso da sunanka ɓaro-ɓaro a jikinsa. Mai ɗinkin da ke kallon shagona ya gani, kafin la'asar kasuwa ta ɗauka cewa Dakta ya aiko da kaya daga waje. Ni dariya ma abin ya ba ni. Na yanka ƙarfe na yi wa farantin da ke kamo intanet ɗin ƙafa, na hau rufi cikin rana na kafa shi. Da ya fara aiki na ba mai kemis lambar sirri, na ba mai ɗinki, na ba masu cirar kuɗi, ban karɓi sisin kowa ba. Kuɗin wata kuma daga aljihuna yake fita.

Ana nan sai Ciyaman na ƙungiyar kasuwa ya zo ya ce in yi musu ƙarfen da za a kafa allon godiya, wai za a karrama wanda ya fitar da kasuwa daga duhu. Yana faɗa yana dafa kafaɗata. Kai, in kai ne me za ka zata? Na zaɓi ƙarfe mafi kauri, na yi masa fenti har sau biyu, na ce ba sai sun biya ba. Ranar taro na sa sababbin kaya, na ɗauko Inna a mota na zaunar da ita a layin gaba. Sakatare ya rubuta lambar sirrina a jikin kwali ya rataye a bakin rumfa, kowa ya hau. Tun safe wayoyi ke sama ana watsa taron kai tsaye, ga majigi an haska bango. Ban hana ba, na ɗauka ranata ce. Can sai ga fuskarka a bango ta kiran bidiyo, girmanta ya kai ƙofar gareji. Aka yaye ƙyallen allo, na karanta: kyautar Dakta ga kasuwar mahaifarsa.

Wallahi ko a lokacin ban damu ba, don na san za ka gyara. Na tsaya ina kallon bakinka. Sai ka dafa ƙirji, ka ce ai ba komai ba ne, ɗan abu ne kaɗan, bai kamata mutum ya manta gida ba. Aka yi ta tafi. Sai a ƙarshe ka tuna da ni, ka ce a gode wa yayanka da yake kula da na'urar. Mai kula da na'ura! Na juya na ga Inna tana share hawaye da gefen mayafi, tana gaya wa matar da ke kusa da ita cewa autanta ne. Ita ta sa ban tashi na gyara maganar ba.

Washegari intanet ta kwanta. Ashe kamfanin ma da nasa halin. A talla sun rubuta ba iyaka da manyan baƙaƙe, ashe akwai awon data na wata, in ka cinye ba za su yanke ba, sai dai su shaƙe ta har sabon wata. Taron nan na yini ɗaya shi ya lashe rabona kaf. Yanzu in na tura wa mai gini hoton ƙofa, sai in yanka ƙarfe in goge, in dawo in tarar da'irar nan ta fuskar waya tana ta juyawa. Na kira kamfanin, wata ta amsa min cikin ladabi cewa komai yana rubuce a ƙasan shafi. Wannan zan iya jurewa, wata zai mutu wani ya kama.

Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne bakin mutane. Mai ɗinki ya ce lokacin da idon Dakta ke kan abin gudu yake kamar ruwan famfo, da aka bar wa mai walda sai ya koma rarrafe. Mai kemis, wanda na ba lamba tun ranar farko, ya ce ai ya san za a yi haka, wai na ja rabin ƙarfin zuwa benena ina kallon ƙwallo. Mai nama in na wuce sai ya ɗaga wuƙa ya ce a gaida maigadin faranti. Na yi musu bayanin awon data, Ciyaman ya ce in bar kawo turanci, kayan jama'a dai ba a barinsa a rufin mutum ɗaya. Sun sa taro ranar Asabar mai zuwa don a cire farantin a mayar rufin ofishin ƙungiya. Kuma ka ji ƙarfin hali, wai ni zan zo da tsanina in kwance musu, tunda ni na san kusoshin. Na kira ka, matarka ta ce kana ɗakin tiyata. Na tura maka saƙo, shi kaɗai ke iya wucewa yanzu, na ga alamar ka karanta.

Zan iya kulle bene in canza lamba, ba mai hawa rufina sai da yardata. Amma in na yi haka na zama wanda ya ƙwace kyautar ƙanensa don hassada, da wannan sunan za a kira 'ya'yana. Na faɗi gaskiya ba wanda ya ji, don daga bakina ta fito. Daga bakinka kawai za ta shiga kunnensu. Ka kira Ciyaman kafin Asabar, da waya ta yau da kullum, ya kara ta a lasifika, ka faɗa musu wanda ya saya da wanda yake biya. Inna kuma kai za ka gaya mata da kanka, ni ba zan iya ba.

Ka gaida matarka, ka ce na gode da amsa wayata. Ka shafa min kan 'yan biyu. Maman yara tana gaishe ku, haka Yaya Babba da Kawu, wanda ya ce in bar maganar, na ce masa ba zan bari ba.

Ba na neman ka ba ni haƙuri, ba na neman kuɗin wata. A kankare allon nan a rubuta sunana, cikakke har da na Baba, ba mai walda ba, ba yayan Dakta ba. Kuma kuɗin mai rubutun ma ni zan biya.

Yayanka da ya goya ka.