Wardin Baba da Na Sare

Daren Talata, unguwar Gwadabawa, Yola

Na kasa barci. Yau na gane ni ce na kashe wardin Baba da hannuna.

Ranar da muka gudo daga Mubi, kowa na ɗaukar katifa da tukunya, shi kuwa reshen wardi ya naɗe a jiƙaƙƙen rawani. Irin kakansa ne, ja mai ƙamshi. Da muka iso Yola ya yi masa aure da gindin wardin daji, kamar yadda ake yi wa mangwaro, don ya jure zafin nan. Bai taɓa nuna min mahaɗar ba, ni ma ban tambaya ba.

Bayan rasuwarsa wani reshe ya fito daga ƙasa, kore shar. Na ce ga lafiyayye. Sai na sare tsohon na sama da ya yi yaushi, don kada ya shanye masa ruwa. Har yau ganye kawai.

Na kai ganyen wurin Madam Ngozi mai sayar da furanni a Jimeta. Ta juya shi, ta ce, "Ayya, 'yar'uwa, wannan na daji ne. Mai kyau ɗin kika yanke."

Na tambaye ta ko akwai dabara. Kai kawai ta girgiza.

Da magariba Dada, mahaifiyata, ta ce, "Yaushe furen babanku zai buɗe?" Na ce sai damina. Ta ce Allah ya kai mu, ta miƙo min buta. Na je na zuba masa ruwa.