Juma'ar Mato, Lahadin Barnaba

Litinin, 5 ga Maris 1979

An kori mijina Barnaba daga aiki. Na rubuta, amma hannuna bai yarda ba.

Jiya sabon shef, shugabansu, ya zo injin ruwa ba sanarwa, ya tarar da Mato abokin aikin Barnaba shi kaɗai. Mu kuwa muna sujada a gidan Malam Yunana. Tun kafin a kawo ni Tanut haka suke yi: Barnaba ya riƙe inji ran Juma'a Mato ya tafi masallaci, Mato ya riƙe masa Lahadi. Tsohon shef ya sani, da baki ya amince. Wannan ko tambaya bai yi ba. Wai gudun aiki. Ya karɓe makullai, ya ce mu bar gidan kamfani kafin ƙarshen wata.

Laraba, 7 ga Maris

A littafin da nake karantawa, da aka zalunci saurayin sai ya buga tebur, kowa ya yi tsit. Nawa ya zauna yana gyaran igiyar guga. Na ce, "Maigida, ko faɗa ba za ka yi ba?" Ya ce, "Tamar, da wa?"

Allah ya gafarta mini, akwai ɗan daɗi can ƙasan raina. Ƙila mu koma Damagaram. Lantarki, silima, shagon littattafai.

Asabar, 10 ga Maris

Hajjo matar Mato ta shigo da fura. Ta ce shef ya ja wa mijinta kunne: in ya buɗe baki, shi ma za a tambaye shi inda yake zuwa ran Juma'a. Ƴaƴansu biyar. Na ce kada ya jefa kansa saboda mu. Ta harare ni. "Ke amarya, sha furarki. Karatun nan ya sa kin ɗauka kowa matsoraci ne sai na cikin takarda."

Na ji kunya. Furar ta ji nono.

Alhamis, 15 ga Maris

Barnaba ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram, wajen sufeton aiki. Malam Yunana ne ya ce doka ba ta yarda a sallami mutum haka ba, ba a ji ta bakinsa ba. Na goge masa farar rigarsa. Wuyanta ya fara cinyewa, ban taɓa lura ba.

Lahadi, 18 ga Maris

Zafi. Na ɗaure kwanuka a buhu, na sake kwancewa.

Talata, 27 ga Maris

Sufeto ya zo, an zauna a biro, ofishin shef. Ni ina waje gindin aduwa tare da Hajjo, taga a buɗe.

Shef ya yi ta zuba Faransanci. Sai na ji muryar Mato: "Ranka ya daɗe, in laifi ne, tare muka yi. Shi yake tsare mini sallata, ni nake tsare masa tasa." Hajjo ta matse mini hannu har ya yi ciwo.

Aghali ma ya zo, Buzun nan mai raƙuma, ba wanda ya kira shi. Tun daga wajen Tenhiya. Sufeto ya tambaye shi ko inji ya tsaya ran Lahadin. Ya ce dabbobinsa sun sha sun ƙoshi, amma tun da aka kori baƙin Nasaran nan, wato Barnaba, ran Juma'a sai su yini a rana suna kuka. Har sufeto sai da ya yi dariya.

Barnaba bai yi dogon zance ba. Ya ce kawai kada a taɓa Mato. Ban san me ya sa wannan ya sa ni kuka ba.

Juma'a, 6 ga Afrilu

An maida shi! Sufeto ya ce korar ba ta kan ƙa'ida, shef ya sa hannu a sulhu yana cin magani. Musayar ranakun ma yanzu an amince da ita a rubuce. Na gode wa Ubangiji. Na gode wa Mato, wanda ya ce in daina, ina ba shi kunya. Na dafa dambu na aika gidansu, Hajjo ta maido kwanon cike da cuku.

Yau Barnaba yana can shi kaɗai da injinsa. Daga tsakar gida ina jin bugunsa.

Litinin, 23 ga Afrilu

Kawu Sulemanu ya biyo ta nan, zai wuce Gangara. Labarin korar ya isa gare shi, na komawar bai isa ba. Ya ce ya samo wa Barnaba aiki a wani gareji a Damagaram, har da ɗaki kusa da kasuwa. Barnaba ya juyo ya dube ni, ya san abin da na daɗe ina so.

Sai na ji bakina yana cewa, "Kawu, to wa zai riƙe wa Mato Juma'a?"

Zafi ne ya sa na faɗi haka, ina jin. Kuma tafiya da kaya wahala gare ta. Barnaba dai ya ƙara tuwo.