Ki Karɓi Aikin Katsina, Maimunatu

Zuwa ga Maimunatu, sanyin idanuna, inuwar tsamiya a tsakiyar rani, ruwan farko da manomi ke ɗaga kai yana jira.

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ke da yara da Inna mahaifiyarki.

Na san waɗannan sunaye za su ba ki mamaki, domin shekara biyu muna zama aji ɗaya ban taɓa kiran ki da wani suna ba sai Hajiya. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Ni malamin gona ne da aka ɗauko daga daji aka ajiye a ofis. Takardar neman taki da rahoton damina na saba rubutawa. Irin wannan kuwa, ko ina saurayi ban taɓa gwadawa ba.

Kin tuna yadda muka fara? Ajinmu na ma'aikata ne, digiri na biyu a fannin tafiyar da aikin gwamnati, Juma'a da yamma da kuma Asabar. Kowa ya shigo da furfurarsa da gajiyar ofis. Aka ce masu hanya ɗaya su riƙa haɗa mota zuwa Katsina, sai na zama ni ke tasowa daga Kusada in ɗauke ku a Kankiya, Malam Buba na sashen kuɗi a gaba, ke a baya da littattafanki. A lokacin ƙarin girma kawai nake nema. Tun rasuwar Kulu, uwar ɗiyata Yasmin, na rufe wancan ɗaki na zuciya, ban kuma yi niyyar sake buɗe shi ba.

Sai ranar da malami ya tambaya me ke sa fayil ya yi barci a ƙaramar hukuma. Na ɗaga hannu da ƙarfin gwiwa na ce rashin kuɗi ne. Kika miƙe, kika gyara mayafi, kika ce, "Fayil ba ya barci, Malam, mutum ne ke zaune a kansa." Kika kawo labarin matan Sukuntuni da suka nemi a gyara masu rijiyar burtsatse, takardarsu ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur alhali an riga an ware kuɗin gyaran. A hanyar komawa na ji haushinki har Rimi. Daga Caranci na fara ganin gaskiyarki. Kafin mu iso Kankiya kuwa, wallahi na san wani abu ya same ni da ba shi cikin manhaja.

Wane irin abu ne wannan, mutum ya haura arba'in ya koma yana ɗokin ranar Juma'a kamar yaro da ranar Salla? Ya Maimunatu! Maganarki a kunnena kamar iskar da ke riga hadari isowa ce. Natsuwarki kamar ruwan randa ce, duk zafin da aka shigo da shi sai ya sauka. Idan kika yi dariya a kujerar baya, sai in ji kamar na tsaya a gonar geron da ya yi bununi, an ƙoshi tun ba a girbe ba. Ban taɓa juyowa na dube ki ba, amma madubin motar nan ya san halin da nake ciki.

A zango na biyu na faɗi darasin ƙididdiga. Rabon taki ya haɗe mani da jarrabawa, Yasmin kuma tana kwance da zazzaɓi. Na ce maku a mota na haƙura, karatun nan ba nawa ba ne. Malam Buba ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Ke kuwa cewa kika yi, "Malam Musbahu, wa ya ba ka izinin bari?" Daga nan kika riƙa tara mu da muka faɗi a ƙarƙashin darbejiyar bayan aji kowace Asabar bayan azahar, kina maimaita mana abu ɗaya har sai ya zauna. Ba ki taɓa sa ɗayanmu ya ji kunya ba. Na sake rubutawa na ci. Kundin binciken da nake shirin karewa kan yadda taki ke isa ga manoman ƙauyen Boko, rabinsa haƙurinki ne.

Akwai kuma ranar da ruwa ya tsayar da mu kusa da Rimi, abin share gilashi ya ƙi aiki, muka faka a gefen titi. Malam Buba ya yi barci, ko ya yi kamar ya yi. Kika miƙa hannu ta taga kina tarar ruwan, kika ce marigayi mijinki ba ya iya zama a ɗaki idan ana irin wannan ruwa, sai ya je ya dubo gona. Ni ma na yi maki zancen Kulu, abin da ban taɓa yi da kowa ba. A nan kika gaya mani cewa bayan takabarki masu nema sun zo, wanda ya fi su kirki ya ce sharaɗinsa ki ajiye aiki da karatu, kika yi mashi godiya kika sallame shi. Na riƙe wannan magana.

Makon jiya kika ce mana hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta nemi ki koma ofishinta na Katsina da zarar kin kare kundinki, kuma ana jiran amsarki. Sannan kika ce, a hankali, "Ban sani ba ko akwai abin da zai tsayar da ni a nan." Na ce Masha Allah, na ƙanƙame sitiyari, ban ƙara ko kalma ba. Ashe mutum zai iya tsayawa gaban aji ya yi bayanin tsarin mulki, amma ya kasa buɗe baki a cikin motarsa? Ga amsar da na kasa ba ki.

Ki karɓi aikin, Maimunatu. Kada komai ya tsayar da ke, har da ni. Kujerar nan ta dace da ke, ƙauyuka da yawa kuma za su amfana idan ke ce a kanta. Abin da nake so ki sani shi ne akwai wanda ke son ya bi ki. Ina neman aurenki.

Ga abin da nake da shi, ba ƙari ba ragi: gida a Kusada, gonar gado a garinmu Ƙofa, ɗiya ɗaya mai surutu, da maganin hawan jini da nake sha kullum da safe. Ba zan taɓa ce maki ki bar aiki ba. Idan kika ce za ki nemi digiri na uku, ni zan karɓo maki takardar shiga. Zan nemi a canza mani wurin aiki zuwa kusa da ke. Idan ba a ba ni ba, ki zauna a Katsina da yara, ni in riƙa zuwa duk ƙarshen mako har Allah ya kawo sauƙi. 'Ya'yanki za su ci gaba da amsa sunan mahaifinsu, kuma ba za su rasa uba ba muddin ina numfashi. Inna ta zauna inda ta fi jin daɗi.

Na rubuta ne don kada in sa ki amsa ido da ido. Ki fara gamawa da kundinki, ba na son in raba maki hankali. Idan amsar a'a ce, ba sai kin faɗa ba. Shirunki ya isa, girmanki a wurina kuma ba zai ragu ba, sai dai zan ji ciwo, ba zan ɓoye maki ba. Idan kuma kin amince, ki shaida wa Yaya Lawal, tunda shi ne waliyyinki, cewa baƙi na nan tafe daga Ƙofa. Na riga na yi wa kawuna Baba Manu maganar. Bai tambaye ni komai ba, ya dai sa an wanke mashi babbar rigarsa an kai bugu, ya rataye ta a bakin ƙofar ɗakinsa, kullum kuma sai ya kira ni ya ce rigar na nan.

Naki a yau, naki in kin amince, mai riƙe maki amana har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Musbahu Dawuda
Kusada