Kifin Ilish a Gaban Surukai

Maman Tuhin,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki? Ni lafiya lau, ina nan ina tura keken haya a Dhaka.

Ranar Juma'a ɗanmu ya kai ni gidan abinci in ga iyayen yarinyar da zai aura, amma ya ce in kama bakina. Aka kawo shinkafa da ilish, kifin nan mai tsada. Na sa hannu ke nan, uban yarinyar ya ce, "Wannan fa?"

Ɗanmu Tuhin bai ko kalle ni ba, ya ce, "Tsohon maigadinmu ne."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ki sa masa albarka, kada ki tambaye shi komai. Bikin ma ya ce ba sai mun wahalar da kanmu ba.

Naki,
Mokbul