Kun Sanar Da Rasuwar Haladu Ina Gona

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da muke kamawa a ƙasar Gaya da Ajingi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, ni manomi ne a Kademi. Ban yi boko ba. Ni na faɗa, maƙwabcina ya rubuta, na sa ya karanta mini sau biyu. Duk abin da ka gani a nan nawa ne.

Na ɗaya. Shekara da shekaru tsarinku bai canja ba: karatun Alƙur'ani bayan asuba, labarai ƙarfe shida, sanarwar rasuwa da ɗaurin aure shida da rabi. Mai sanarwa na gamawa sai in kashe rediyo in saɓa fartanya. Da damunar bana ta faɗi, sai na ji shida da rabi ta zama ta 'yan siyasa, awa guda cur suna zagin juna, bayansu kuma mai maganin basir. Na zaci kun daina sanarwar ne baki ɗaya. Ashe kun mayar da ita sha ɗaya da rabi. Wane manomi ne yake gida sha ɗaya da rabi ana tsakiyar noman farko? Shirin noman ma ƙarfe goma kuke yinsa, ban san wa kuke koya wa ba.

Na biyu. Akwai wani aminina a Toranke, Haladu. Tare muka yi ci-rani tun gemu bai fito mana ba. Mun yi alkawari a gaban mutane cewa duk wanda ya riga wani, ɗayan ne zai shiga kabari ya karɓe shi. Ba zan ɓoye ba, shekara biyu ba ma magana. Na ba shi aron san huɗa, ya dawo mini da shi yana ɗingishi, ya ce haka ya karɓe shi. Har gobe ni ke da gaskiya, don san nan bai ƙara jan garma ba. Amma gaba daban, alkawari daban.

Na uku. Haladu ya rasu ranar Litinin bayan magariba. Aka sa jana'iza Talata bayan azahar don babban ɗansa Kabiru ya iso, aka kai muku sanarwa tun a daren Litinin ɗin. Iyalansa ba su aiko mini kowa ba. Ba na riƙe waya, kuma kowa ya san sanarwa ba ta wuce ni. Da shida da rabi kuka karanta, da hantsi ina Toranke. Kun karanta ina sunkuye cikin gero. Sai ranar Juma'a wani mutumin garinsu ya faɗa mini a Gaya, bai ko miƙo mini hannu ba. Har sadakar uku ta wuce.

Na je washegari. Kabiru, wanda aka raɗa wa suna ina zaune, a tsaye ya amsa ta'aziyyata, bai ce a kawo tabarma ba. Maganar da ke yawo a Toranke ita ce na ji da kunnena, na ƙi zuwa saboda rigimar san nan. Na yi bayani. Ina jin sun ɗauka dabarar tsoho ce.

Abin da nake nema biyu ne. Ku mayar da sanarwa inda take, 'yan siyasa su koma sha ɗaya da rabi, su ba su da gona. Wannan don jama'a ne.

Nawa na kaina shi ne: sadakar arba'in Asabar ta sama ce. Kafin nan ku karanta wannan takarda bayan magariba, lokacin da maza suke gida, kuma ku faɗa da bakinku ƙarfe nawa kuka karanta rasuwar Haladu. Tawa mutanen Toranke ba za su karɓa ba, amma abin da rediyo ya faɗa suna yarda da shi. Kabarin dai an rufe, wani ne ya karɓe shi, wannan ba ku da maganinsa. So nake 'ya'yansa su san ban sani ba ne.

Ko kun karanta ko ba ku karanta ba, ranar Asabar ina Toranke. In an shimfiɗa mini tabarma, to. In ba a shimfiɗa ba, ƙasa ba baƙuwata ba ce.

Allah ya jiƙan Haladu. Kai kuma Allah ya yi maka jagora, ya sa ranar taka a ji a kan lokaci.

Wassalam.

Malam Sule Mai Garma,
Kademi.