Minti Biyar da Injin a Kashe

Talata, 30 ga Afrilu

Na yanke shawara, sai na sayi motar nan. Shekarata arba'in da huɗu, shekara ashirin ina duba jinin mutane a ɗakin gwaji, na isa in yi wauta guda ɗaya ta ƙashin kaina. 'Yar ƙaramar motar tsere mai injin rotari, ta hannu. Baban yara ya tambaye ni ina zan sa kayan cefane, na ce a cinyarsa.

Matsalar ɗaya ce. Injin ba irin na kowa ba ne, ba shi da fistan, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki. Makanikin da muke kai wa mota ya ce bai taɓa buɗe irinsa ba, kada in sa shi ƙarya. Mutum ɗaya na sani da ya san cikinsa kamar tafin hannunsa. Yayana.

Alhamis, 2 ga Mayu

Sau huɗu ina rubuta saƙo ina gogewa.

Bari in faɗa a nan tunda ba mai karantawa. Shekara uku ke nan. Ya zo wurin aikina da kayan gareji, duk baƙin mai, ya kawo min wasu takardu da na mance a gidansa. Ina tsaye da sabuwar shugabarmu a bakin ƙofa. Ta dube shi ta dube ni, sai na ji bakina ya ce mata makanikina ne. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Ya miƙo takardun ya juya. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, irin ta maƙwabta. Ban ba shi haƙuri ba, kullum ina jiran ranar da ta dace.

A ƙarshe maganar mota kawai na tura. Ya amsa: "Asabar, ƙarfe tara. Ki ce wa mai ita kada ya tayar da ita kafin mu zo."

Alhamdu lillahi. Ko wannan ban cancanta ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Fara ce, tana walƙiya, a wurin wani dillali mai yawan turare. Ni dai tuni na mutu a kanta. Dillalin ya tambayi wanene wannan, kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Makanikinta ne." Bai ko kalle ni ba. Na ji kamar in nutse a ƙasa.

Ya dafa injin ya tabbatar da sanyi ne, ya ce in tayar. Murɗa ɗaya ta tashi. Dillali ya washe baki, ni ma. Kujera biyu ce kawai, don haka muka bar shi riƙe da mukullin tsohuwar motata, muka fita mu biyu. Bayan minti ashirin Yaya ya ce in sauka gefen titi in kashe, mu jira minti biyar.

Ban taɓa sanin minti biyar na da tsawo haka ba. Kafaɗarsa na kusan taɓa tawa, yana kallon agogo, ina kallon sitiyari. Ya yi furfura a gefen kunne, ban san yaushe ba.

Da na murɗa mukulli sai ta yi ta gurnani ta ƙi kamawa, sai a karo na uku. Ya ce wannan shi ne gwajin. Kowace mota da sanyi ake kama ta, ita wannan sai ta yi zafi take faɗin gaskiya. Siraran ƙarafan da ke bakin kusurwoyin sun cinye, injin ya kusa kwanciya. Iyakar maganar da ya yi min ke nan yau, amma ya cece ni.

Asabar, 11 ga Mayu

Ta biyu, ta wani dattijo ce, tsohon malamin lissafi. Yaya bai fara duba motar ba, mai ita ya fara dubawa. Tambaya uku: yaushe yake auna baƙin mai, yana kashe ta tun ba ta yi zafi ba, kuma yaushe rabon da ya take ta har ƙarshe.

Bawan Allah, da alfahari ya ce bai taɓa ƙara mata mai ba sai ranar juye, bai taɓa wahalar da ita ba, daga gida sai shagon kan kwana. Na ce a raina mun dace. Yaya ya yi masa godiya sosai, ya yaba fentin, muka tafi.

A hanya ya ce injin nan da gangan aka yi shi yana shan baƙin mai kaɗan-kaɗan, duk mai irinta da ba ya yawo da galan ɗin mai a but ɗin motar, in gaishe shi in wuce. Lallaɓawa kuma kashe ta take yi, baƙar dauɗa ke toshe cikinta. "Malam da ƙauna ya kashe ta," in ji shi. Na yi dariya, sai na ji shi ma ya ɗan yi ta hanci. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta.

Laraba, 15 ga Mayu

Na lalata gwajin jini ɗaya yau, hankalina na kan tallan motoci. Allah ya sa mai jinin mutumin kirki ne.

Asabar, 18 ga Mayu

Ta uku ta ci gwajin zafi da ƙyar, sai Yaya ya fito da na'urar auna matsin injin. Ya cire fulogi ya ɗaura ta, ya ce in riƙa rubutawa. Ƙarfe biyu ne ke juyawa, kowanne fuska uku, lamba shida ke nan. Na dubi abin da na rubuta, na ce biyar suna tafiya tare, ta shida ta faɗi ƙasa sosai, wannan mara lafiya ce. Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa.

"Ashe karatun bai tafi a banza ba, Auta."

Auta. Na juya ina neman wani abu a jaka don kada mai motar ya ga idona.

Muka biya ta garejinsa ya ajiye na'urar. Tsohuwar kujerar motar nan da nake zama in yi aikin makaranta tana nan a jikin bango, soson ya fito. Ya haɗa min shayi a kofin da ba shi da mariƙi. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, wani ya shigo da mota tana hayaƙi, shi ke nan.

Asabar, 25 ga Mayu

Babu motar kirki a kasuwa wannan makon. Na samo wata dai, ko a hoto ana ganin tsatsa a ƙasan ƙofa. Na sani sarai. Na kira shi duk da haka, kuma ya zo. Minti uku ya yi a kanta. Muka tsaya cin abinci a hanya, ya ba ni labarin ciwon gwiwarsa da 'yarsa da ke son karatun jinya. Ni gwaggonta, ina asibiti, ban ma sani ba.

Baban yara ya ce wannan mota da wuyar samu take. Na ce ya ci abincinsa.

Asabar, 1 ga Yuni

Mun same ta. Shuɗiya, ta wata mata mai koyar da tuƙi. Galan na but, littafin gyara cike da kwanan wata, amsar tambayoyin nan uku ta ba da su tun kafin a gama yi mata. Lambobi shida suka fito kai ɗaya, duka sama. Ni na rubuta su da hannuna.

Muka fita. A miƙaƙƙen titi ya ce in taka, na taka, ya ce in ƙara. Ƙarar ba irin ta sauran motoci ba ce, siririya, tana ta hawa ba ta gajiya. Sai muka tsaya, na kashe.

A minti na biyu na ce, "Yaya, abin da na faɗa ranar nan a wurin aiki. Kunya na ji, kuma da kaina ya kamata in ji ta. Ka yafe min."

Bai ɗaga ido daga agogo ba. Muka cika minti ukun da suka rage, sannan ya ce, "Tayar."

Kafin in gama murɗawa ta kama.

Da muka koma ya shige ƙarƙashinta, da gwiwar nan tasa, ya fi rabin awa. Ya fito yana goge hannu, ya ce akwai wata ƙara a baya da ba ta kwanta masa ba, kada mu yi gaggawa, mu ƙara dubawa. Matar ta ce wace ƙara. Ya ce sai mai kunne.

Wata guda ina koyo a hannunsa. Babu wata ƙara a motar nan.

Lahadi, 2 ga Yuni

Mai shuɗiyar ta kira, wani na son ta, in ce wani abu. Na ce ta sayar masa, Allah ya sa alheri. Na ɗauka zan ji zafi. Na ɗan ji, da na tuna ƙararta.

Da yamma saƙon Yaya ya shigo. Karo na farko ke nan da shi ya fara turowa. Hoton wata mota ce da ya samo da kansa, bonet ɗin launi daban, taya ɗaya a kwance, tafiyar awa biyu daga nan. A ƙasa ya rubuta: "Wannan kamar za ta yi. Ki biyo ta gida da wuri, yara na son ganinki."

Na amsa cewa ni ma ina ganin za ta yi.