Afuwar Yaya Nasrullahi Ba a Abuja Take Ba

Jikwoyi, Abuja.

Zuwa ga Baffa Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna Rekiya da yara. Mun ji ƙafar Iya ta sake kumbura, Allah ya ba ta sauƙi. Mu nan lafiya lau, ƙanwata Hafsah ta fara tafiya, ni kuma na shiga aji biyu na babbar sakandare.

Baffa, ku yi haƙuri, kun san ba na iya ɗaga ido a gabanku, shi ya sa na rubuto. Raina a ɓace yake. Ranar Juma'a ina kusa lokacin da kuka kira Baba, na ji kuna cewa ya manta da jininsa, wai gari ɗaya yake da Shugaban Ƙasa amma ya kasa kai masa takardar nema wa ɗanku, Yaya Nasrullahi, afuwa. Ranar Baba ko abinci bai ci ba. Ba ku yi masa adalci ba. Baba direba ne kawai a Maitama. Sau uku yana roƙon ogansa ya taimaka ya miƙa takardar nan ga Shugaban, a na ukun mutumin ya ce in ya sake tayar da maganar, to ya ajiye masa makullin mota. Wata bakwai tana aljihunsa, har ta fara yagewa a wurin ninki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ko ta isa hannun Shugaban Ƙasa ba abin da zai iya yi. Sai da na yi kwana uku ina jin nauyi kafin na nuna wa Madam Prudence, malamarmu ta darasin gwamnati, takardar hukuncin da kuka aiko. Ta buɗe min kundin tsarin mulki na karanta da idona. Sashe na 175 ya ba Shugaban Ƙasa ikon yafe laifin da ya saɓa wa dokar tarayya ne kaɗai. Na dokar jiha kuwa, sashe na 212 ya bar wa Gwamna. Faɗan kasuwar da ya kai Yaya gidan yari, da dokar jiharmu aka hukunta shi. Shugaba yana ba sojoji umarni, yana naɗa ministoci, amma wannan ba huruminsa ba ne.

Ashe mai ikon yana kusa da ku, tafiyar awa ɗaya a mota, ku kuma kuna ta kallon Abuja kuna ɗora wa Baba laifi. Duk watannin nan Yaya yana ciki, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar da ta dace.

Ga sabuwar takarda na rubuta zuwa ga Gwamna, Madam ta gyara min Turancin. Ta ce akwai kwamitin da ke ba shi shawara kan afuwa, ku tambaya a ma'aikatar shari'a ta jiha. Ban ce lallai za a sake shi ba, Allah ne masani. Amma don Allah ku sa hannu, ku kai da ƙafarku cikin makon nan. Kada ku maido mana da ita, a nan babu mai iya fito da shi.

Ku gaishe min da Iya da Inna Rekiya da Fiddausi da sauran yara. In kun je ziyara, ku ce wa Yaya ba mu manta da shi ba.

'Yarku,
Zakiyya Hassan